Tafintoci nawa da wane irin kayan sauti babban taron ƙasashe yake buƙata?

"Assalamu alaikum Malam. An sa ni cikin kwamitin da zai shirya wani babban taro na ƙasashen Afirka nan da wata takwas. Taron kwana uku ne, muna sa ran mahalarta kusan 800, ciki har da shugabannin ƙasashe da ministoci. Za a yi magana da Turanci da Faransanci da Larabci da Fotugis, kuma wasu daga cikinmu suna son a ƙara Hausa. Wani kamfani ya kawo mana farashi mai sauƙi, ya ce tafinta ɗaya ya ishi kowane harshe. Wani kuma ya ce mu bar batun tafintoci baki ɗaya, kowa ya sauke manhaja a wayarsa ta riƙa fassara masa. Mene ne ainihin abin da muke buƙata, kuma a ina za mu iya rage kuɗi ba tare da mun ji kunya ba?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan na fahimce ki, kina son sanin yawan mutanen da za ku ɗauka da irin kayan da za ku nema, sannan ko na'ura ta kai matsayin da za ta maye gurbin tafinta a zaman shugabanni. Ra'ayina tun daga farko shi ne kada ku karɓi ko ɗaya daga cikin tayin nan biyu domin babban zama. Abin da ya fi jefa kwamitoci cikin matsala shi ne ɗaukar fassara kamar hayar kujeru da rumfuna, wadda ake tunawa da ita saura mako biyu, alhali ita ce ya kamata ta shiga lissafi tun ranar da za a zaɓi zaure da ranar da za a tsara ajanda. Wata takwas da kuke da shi ya wadatar, muddin kun fara yanzu.

A taron sulhu na Paris na 1919 fassarar bi-da-bi aka yi: mai magana ya yi jawabinsa, tafinta yana rubuta abin da zai tuna masa, sannan ya tashi ya maimaita da wani harshe. Wannan tsari yana da kyau har gobe a ganawar mutum biyu, amma idan harsuna biyar ne, jawabin minti 10 zai ci kusan minti 50. Fassarar nan take, wadda tafinta yake magana a lokacin da mai jawabi yake magana, ta samu gindin zama ne a shari'ar Nuremberg ta ƙasar Jamus daga 1945 zuwa 1946, inda aka yi aiki da Turanci da Faransanci da Rashanci da Jamusanci, da kayan kamfanin IBM, ƙarƙashin jagorancin Léon Dostert. A kotun an kafa fitila mai ruwan ɗorawa da tafintoci ke kunnawa idan mai magana ya yi sauri, da ja idan ana buƙatar ya dakata. Tun a wancan lokacin an gane cewa nasarar fassara ba a wuyan tafinta kaɗai take ba, mai magana da shugaban zama da ma'aikacin sauti duk suna da hannu a ciki.

Tsarin harsuna shi ne tushen lissafi

Kafin a ƙirga mutane, sai kwamitinku ya rubuta amsar tambaya ɗaya game da kowane ɗakin taro: da waɗanne harsuna za a yi magana, kuma da waɗanne za a saurara? Ƙa'idar aikin ita ce kowane harshen da za a saurara yana da ɗakin fassararsa da tasharsa. Harsuna biyar kuwa, idan kowanne zai koma sauran huɗun, hanyoyi 20 ke nan. Majalisar Ɗinkin Duniya mai harsuna shida tana da hanyoyi 30, Tarayyar Turai mai harsuna 24 tana da 552. Babu tawagar da za ta cika dukkan waɗannan hanyoyi kai tsaye, shi ya sa ake amfani da harshen gada. Idan wakilin Angola ya yi magana da Fotugis, kuma babu mai jin Fotugis a ɗakin Larabci, sai tafintan Larabci ya danna maɓalli ya saurari abin da ɗakin Faransanci yake fitarwa, ya mayar da shi Larabci.

Wannan dabara tana aiki, amma tana da haɗari. Duk kuskuren da mai gada ya yi zai bazu zuwa dukkan ɗakunan da suka dogara da shi, kuma jinkiri yana ƙaruwa da 'yan daƙiƙu. Saboda haka nakan nace a kan cewa mafi ƙwarewa a tawaga shi ake ba gada, kuma kada a yarda magana ta bi ta gada biyu kafin ta isa kunnen mai sauraro. A Majalisar Ɗinkin Duniya ɗakin Larabci da na Sinanci suna aiki ta fuska biyu, suna fassarawa zuwa harshensu kuma suna fitar da shi zuwa Turanci ko Faransanci, don haka mutum uku ake sa musu maimakon biyu. A taronku ɗakin Larabci da na Hausa haka za su yi, kuma sau da yawa na Fotugis ma haka. Lissafin babban zaure ɗaya zai kama tafintoci 12 zuwa 13.

Wannan adadi na zaure ɗaya ne, na yini mai zama biyu, kowanne kimanin awa uku da hutu a tsakani. Babban taro kuwa ba zama ɗaya ba ne. A Tarayyar Afirka jakadu ne suke fara zama, sannan majalisar ministoci, kafin shugabanni su hallara, kuma a gefe akwai kwamitin tsara sanarwar bayan taro, da taron manema labarai, da ganawar ƙasa da ƙasa. Duk ɗakin da yake zama a lokaci guda da wani yana buƙatar tawagarsa da kayansa, kuma idan zaman shugabanni ya zarce zuwa dare, kamar yadda ya saba, sai an tanadi tawagar karɓa.

Dalilin da ya sa mutum ɗaya ba ya isa

Tafinta yana sauraro, yana fahimta, yana riƙe abin da bai faɗa ba tukuna, yana magana, yana kuma bin muryarsa da kunne don ya gyara kansa, duk a lokaci guda. Ƙwaƙwalwa ba ta jure wannan na dogon lokaci. Wani bincike da Barbara Moser-Mercer da abokan aikinta suka wallafa a 1998 ya nuna cewa bayan kimanin minti 30 kurakuran ma'ana suna ƙaruwa, kuma abin da ya fi tayar da hankali shi ne tafintocin kansu ba sa lura cewa aikinsu ya soma lalacewa. Daga nan za ki ga illar tayin kamfanin farko: mutumin zai ci gaba da magana har yamma, muryarsa tana fita, kowa yana zaton ana fassara, alhali rabin ma'anar ta zube a hanya.

Shi ya sa ake sa aƙalla mutum biyu a kowane ɗaki suna karɓa-karɓa, kuma wanda ya miƙa makirufo ga abokinsa ma ba hutu ya tafi ba. Yana zaune da biro da takarda a tsakaninsu. Idan minista ya ambaci dala biliyan kaza da kashi kaza cikin ɗari, shi ne zai rubuta lambar da manyan baƙi ya tura gaban abokinsa. Idan aka ce a duba sakin layi na 14 na daftari, shi ne zai buɗe shafin ya ɗora yatsa a wurin. Idan tari ya sarƙe mai fassara, akwai maɓallin da yake dannawa ya katse sautinsa na daƙiƙa biyu, idan abin ya ƙi, abokin ya karɓa ba tare da zaure ya sani ba.

Jin harsuna biyu ba ya mayar da mutum tafintan taro. Ku nemi sunayen mutanen da kamfani zai kawo, da harsunan kowannensu, da inda ya yi horo, da tarukan da ya yi aiki. Ƙungiyar tafintocin taro ta duniya, AIIC, wadda aka kafa a 1953, tana da kundin mambobinta, kuma a nahiyarmu akwai makarantar ASTI da ke Buea a Kamaru da Jami'ar Gana da ke Legon, waɗanda suke horar da masu wannan aiki. Ku rubuta a kwangila cewa ba za a sauya kowa ba sai da amincewarku. A taron tunawa da Nelson Mandela a Johannesburg ranar 10 ga Disamba 2013, mutumin da aka tsayar kusa da shugabannin duniya don fassara wa kurame ya riƙa yin alamun da kurame suka ce ba su da ma'ana, kuma duniya tana kallo. Rashin tantancewa ne ya jawo haka. Idan za ku sa fassarar kurame, kuma ya kamata ku sa, ita ma mutum biyu ne, da haske mai kyau da kyamarar da ba ta kauce musu.

Sauti

Nan ne na fi son ku kashe hankali, domin tafinta ba ya fassara abin da bai ji ba. Mai sauraro a zaure yana iya cike gurbin kalmar da ta ɓace masa, amma tafinta yana sauraro ne ta saman muryar kansa, don haka yana buƙatar sauti mafi tsabta fiye da kowa a ginin. Ƙa'idar ISO 20109, ta hukumar tsara ma'aunin inganci ta duniya, ta nemi kayan su ɗauki sauti daga has 125 zuwa 15,000 (has shi ne ma'aunin kauri da kaifin sauti), yayin da layin tarho na gargajiya yake ɗaukar kimanin 300 zuwa 3,400 kawai. Ku sa lambobin ƙa'idojin nan a takardar neman kwangila: ISO 17651-1 (wadda ta maye gurbin ISO 2603 a 2024) domin ɗakunan fassara da aka gina tare da zaure, ISO 17651-2 (wadda ta maye gurbin ISO 4043) domin waɗanda ake haɗawa a kwance, ISO 20109 domin na'urori.

Ɗakin da ake haɗawa na mutum biyu yana da kimanin mita 1.6 faɗi da zurfi, da mita 2 tsayi, na mutum uku ya fi haka faɗi, saboda haka ɗakuna biyar za su ci wajen mita goma a bangon baya, a kan dandamali, kuma wannan yana rage kujerun da kuka lissafa. Dole tafinta ya ga fuskar mai magana da shugaban zama da allon da ake nuna rubutu. Na taɓa shiga wani zaure da safiyar buɗe taro na tarar masu ado sun jera tutocin ƙasashe daidai gaban gilashinmu, sai da aka nemo jami'in tsare-tsare kafin a matsar da su, baƙi suna shigowa. Haka kuma ɗakin yana buƙatar iska mai shiga da fita ba tare da ƙara ba, don mutum biyu a akwati rufaffe cikin zafinmu ba za su kai awa guda da hankalinsu ba.

Duk sautin da zai tashi a zaure sai ya bi ta na'urar tsakiya: makirufon da ke gaban kowane wakili, da na mumbari, da na hannu da ake zagayawa da shi lokacin tambayoyi, da sautin bidiyon da za a nuna. Wanda ya tashi ya yi magana da ƙarfin muryarsa ba tare da makirufo ba, wakilan da ba sa jin harshensa ba su ji komai ba. Makirufo ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, kuma na shugaban zama yana da maɓallin da ke rufe sauran.

Wajen isar da fassara ga masu sauraro, a rufaffen zaure na fi amincewa da hasken infirared, wanda ido ba ya gani. Ana kafa faranti masu watsa shi a sama, kowane mahalarci ya riƙe ƙaramar na'urar karɓa da abin sawa a kunne. Tsarin Integrus na kamfanin Bosch, alal misali, yana ɗaukar tashoshi har 32. Babbar fa'idarsa ita ce haske ba ya ratsa bango, don haka abin da aka faɗa a zaman sirri ba ya fita harabar gini. Rauninsa shi ne ginshiƙi yana tare shi, kuma hasken rana kai tsaye yana dagula shi. A fili ko wajen ziyarar gani da ido rediyo ya fi dacewa, amma a san cewa wanda ke waje yana iya kamawa. A taron G20 na birnin Cannes a Nuwamba 2011, an raba wa 'yan jarida na'urorin sauraro kafin taron manema labarai, makirufon Nicolas Sarkozy da na Barack Obama suna buɗe, sai aka ji hirarsu ta sirri game da Benjamin Netanyahu, ta kuma cika jaridun duniya. Dole a sami ma'aikaci guda wanda aikinsa shi ne tabbatar da cewa layin 'yan jarida a yanke yake sai lokacin da aka ba da izini.

Ku nemi na'urorin karɓa fiye da yawan mahalarta da kimanin kashi 10 cikin ɗari, a riƙa ba da su da katin shaidar taro, a yi musu caji kowane dare. Lambar tashar kowane harshe ta zama ɗaya a duk ɗakuna, a rubuta ta a allo. Wutar kayan sauti kuma a raba ta da ta na'urorin sanyaya ɗaki da fitilu, don haɗa su yana kawo gunji a kunne, sannan a sa batirin ko-ta-kwana tsakaninsu da janareta, domin ɗauke wuta na daƙiƙa biyar yana iya kashe na'urar tsakiya, kuma kafin ta farfaɗo shugaban ƙasa ya yi nisa a jawabinsa.

Akwai kuma lafiyar kunne. Idan wakili ya cire abin sauraronsa ya ajiye kusa da makirufo buɗaɗɗe, wata ƙara mai kaifi takan tashi ta shiga kunnen tafinta kai tsaye. A majalisar dokokin Kanada tafintoci da dama sun ji rauni a kunne tun daga 2020, har aka ƙayyade wa 'yan majalisa inda za su riƙa ajiye abin sauraronsu. A 2022 tafintocin Majalisar Turai sun shafe watanni suna ƙin fassara masu magana daga nesa saboda munin sauti. Duk wanda zai yi jawabi ta intanet a taronku a gwada shi kwana ɗaya kafin nan, da makirufo na kirki da layin waya, ba daga cikin mota ba.

Takardu

Tafinta yana bin magana cikin natsuwa idan tana tafiya kalma 100 zuwa 120 a minti. Jami'in da aka ba minti biyar ya zo da shafi shida yakan karanta da gudu, kuma rubutaccen jawabi ya fi maganar baki cunkoso. Maganin shi ne a kai wa kowane ɗaki kwafin jawabin kafin a fara. Ku ware ma'aikaci a sakatariya wanda ba shi da wani aiki sai bin tawagogi yana karɓar jawabai yana kai mana. Masu fargabar fitar sirri su sani cewa riƙe sirri shi ne sharaɗi na farko a ƙa'idar wannan sana'a, kuma ana iya sa hannu a kansa. Ajanda da daftarori da jerin sunayen wakilai da muƙamansu su isa ga tafintoci mako biyu kafin taro. A taron Tarayyar Afirka na Yamai a Yulin 2019, inda aka ƙaddamar da aiwatar da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar kuma Najeriya ta sa hannu, maganar ta shafi ƙa'idojin asalin kaya da jadawalin rage haraji, abubuwan da ba wanda zai fassara daidai idan bai yi bitarsu ba. Fassarar rubutu kuma aiki ne dabam da mutanensa dabam, waɗanda za su kwana suna daidaita sanarwar bayan taro a dukkan harsuna.

Batun manhaja da batun Hausa

Manhajar da aka tallata muku tana mayar da magana rubutu, ta fassara rubutun, ta karanta shi da muryar na'ura, kuma kuskuren kowane mataki yana hawa kan na baya. Tana tuntuɓe a karin harshen mutane dabam-dabam, da sunaye, da lambobi, da mai gauraya harsuna biyu, da maganar diflomasiyya wadda ake faɗin ƙi cikin lafazin yarda. Ƙarfinta a Hausa bai kai na Faransanci ba, don rubutu da sautin da aka horar da ita da su ba su da yawa. Sannan muryar shugabanni za ta fita ta intanet zuwa kwamfutocin wani kamfani, kuma a zaman sirri ma sau da yawa ba a barin shiga da waya. Tana da amfani wajen rubutun ƙasan allo a ƙananan tarukan gefe da fitar da rubutun abin da aka tattauna don wani ya gyara, kuma ni kaina ina amfani da irinta wajen haɗa jerin kalmomi kafin taro.

Ina goyon bayan sa Hausa da zuciya ɗaya. Dokar kafa Tarayyar Afirka ta ambaci harsunan Afirka cikin harsunan aiki idan hali ya yi, an karɓi Kiswahili a 2022, Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, kuma huɗubar Arfa ana fassara ta da Hausa. Amma ku fara tantance manufa. Idan akwai sarakuna da 'yan kasuwa da shugabannin mata da za su yi magana da Hausa, ɗakin zai yi aiki ta fuska biyu, kuma sauran ɗakuna duka za su dogara da shi. Idan don jama'ar gida ne, a miƙa tashar Hausa ga gidajen rediyo su watsa. Masu horon fassarar nan take da Hausa ba su da yawa, don haka ku nemi gogaggun masu fassarar labarai a ba su horo na makonni a cikin ɗakin fassara na gaske, a haɗa ɗan Najeriya da ɗan Nijar, su daidaita kalmomin aiki tun da wuri, tunda wani ya saba aro daga Turanci wani daga Faransanci.

Inda za a rage kuɗi

Hanya mafi girma ita ce rage ɗakunan da ke zama lokaci guda, domin kowanne tawaga ce sukutum. A ƙananan kwamitoci ana iya barin kowa ya yi magana da harshensa amma a saurara da Turanci da Faransanci kawai. Zaure mai ginannun ɗakunan fassara yana rage haya, idan an gwada kayansa an ga suna aiki. Ɗaukar tafintoci daga Abuja da Yamai da Dakar da Abijan da Yawunde yana rage kuɗin jirgi da masauki. Ganawar shugabanni biyu ba ta buƙatar na'ura, tafinta ɗaya ko biyu a gefensu sun isa.

Ban ga zaurenku ba, kuma yawan farantan infirared da nauyin wutar da ake buƙata aikin injiniyan sauti ne bayan ya auna wurin da kansa, don haka duk farashin da aka kawo muku ba tare da an ziyarci zauren ba kada ku ɗauke shi na ƙarshe. A watan nan ku naɗa babban tafinta guda ya zauna cikin kwamitinku, ya fara kama masu Larabci da Fotugis, don su ne suka fi ƙaranci kuma manyan hukumomi sukan riga kowa ɗaukarsu. Ku kuma karɓi zauren kwana biyu kafin buɗewa, ɗaya na kafa kaya, ɗaya na gwaji, inda za a zagaya kujera kujera da na'urar karɓa a kowace tasha, a gwada kowace gada, sannan a ɗauke wutar ginin da gangan ana tsakiyar magana don a ga abin da zai mutu da abin da zai ci gaba.